Tsofaffin kibod uku, kwamfuta ɗaya: wace adafta ce za ta yi?

Abban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Wani ofis ne suka yi gwanjon tsofaffin kaya, na je sayen firinta, sai mai kula da kayan ya haɗa mini da kibod guda uku a matsayin gyara. Ɗaya an rubuta IBM a kansa, nauyi kamar turmi, bakin wayarsa ɗan ƙaramin zagaye mai allura shida. Na biyu ba shi da wani suna da na sani, bakinsa zagaye ne babba mai allura biyar. Na ukun kuma tambarin Apple ne a jiki, allurarsa huɗu. Ni kuwa destof ɗin shagona babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ramuka, USB ne kawai. Abin da nake so shi ne in jona su duka a kwamfuta ɗaya: ɗaya na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, ɗaya na Larabci saboda 'yan Islamiyya da ke kawo jarrabawa, ɗaya kuma ƙanena ya riƙa bugawa idan aiki ya yi yawa. Na sayi 'yar adafta mai launin shunayya jiya, na jona na IBM ɗin, ko ƙyaftawa fitilarsa ba ta yi ba. Ya mutu ne ko ni ne ban iya ba?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Oga ka kai wa 'yan jari bola su auna maka, ka ƙara kuɗi kaɗan ka sayi sabo mai USB. An wuce wurin.

Baba Mai Ritaya: Kai yaro, yi shiru. Abban Walid, juya na IBM ɗin ka duba bayansa. Akwai farar takarda a manne, karanto mana abin da ke jiki.

Abban Walid: To Baba. An rubuta 1391401, sai harafin M, sai kwanan wata na shekarar 1989.

Baba Mai Ritaya: Allahu Akbar. Wannan shi ne Model M, irinsa na yi shekaru ina aiki da shi kafin in ajiye aiki. IBM ta fara yin su a 1985. Kowane madanni akwai sifirin a ƙarƙashinsa, idan ka danna sai sifirin ɗin ya lanƙwashe ya yi ƙara, yatsanka ya ji cewa harafin ya shiga tun kafin ka kai ƙasa. Shi ya sa muke buga shafi guda ba mu kalli allo ba. Daga baya aikin ya koma hannun Lexmark, yanzu kuma wani kamfani Unicomp a jihar Kentucky ta Amurka yana ci gaba da yin irinsa. Kada ka kuskura ka sayar wa ɗan jari bola. Waɗannan ba sa mutuwa da sauƙi, na rantse adaftarka ce.

Injiniya Ƙarami: Baba ya yi gaskiya, kuma zan iya faɗin abin da ya faru ba tare da na ga kayan ba. Adafta iri biyu ce, a ido kuma kusan ɗaya suke. Akwai mara ƙwaƙwalwa, wadda babu komai a cikinta sai waya huɗu da suka ratsa daga baki zuwa baki. Akwai kuma mai ƙwaƙwalwa, wadda ke da ɗan aisi (IC), wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, a ciki yana yin tafinta. Ramin PS/2, wato irin na ƙaramin zagayen nan mai allura shida da ke kibod ɗinka, ya fito ne a 1987, USB kuwa sai 1996, kuma yarensu ba ɗaya ba ne sam. Kibod ɗin da aka yi a 1989 ta ina zai san yaren da ba a haifa ba tukuna? Ita mara ƙwaƙwalwar an yi ta ne don kibod da linzamin da aka yi daga baya, waɗanda aisin cikinsu ya iya yarukan biyu, shi da kansa yake gane inda aka soka shi ya canza harshe. Naka harshe ɗaya ya sani.

Ga gwaji mai sauƙi Yaya. Cire kibod ɗin, ka soka adaftar ita kaɗai a kwamfuta. Idan mai ƙwaƙwalwa ce za ka ji ƙarar nan ta an jona sabon abu, kuma za ta bayyana a Device Manager a matsayin kibod. Idan shiru ka ji, to fanko ce.

Abban Walid: Na gwada. Shiru kake ji. Kuma mai shagon har rantsuwa ya yi mini cewa tana yi da kowane iri.

Injiniya Ƙarami: Wataƙila shi ma bai sani ba, haka aka kawo masa a kwali. Ka nemi wadda take da 'yar waya mai rassa biyu, ɗaya shunayya ɗaya kore, da ɗan ƙulli a tsakiya. A cikin ƙullin nan aisin yake. Ka tafi da kibod ɗin shagon a gwada a gabanka kafin ka biya.

Sarkin Gardama: Ya ɗauki kibod mai nauyin fiye da kilo biyu ya hau adaidaita sahu da shi don neman adafta. Kuɗin mota kaɗai ya isa rabin sabo. Ni fa ban ga ribar ba.

Maman Hanifa: Malam Sarki kai ba ka buga takarda ne shi ya sa. Ni aikina ke nan daga safe zuwa magariba, furojet ɗin ɗalibai. Waɗannan sababbin masu araha ba na shekara da ɗaya, ko haruffan su goge ko madannin tazara ya fara maƙalewa. Kuma zuwa la'asar wuyan hannuna ciwo yake. Araha ba ta ado. Abban Walid idan ka fasa, ni ina so.

Sarkin Gardama: Hajiya ai ban ce ba shi da kyau ba. Cewa na yi hidimar ta fi ƙarfin abin.

Abban Walid: Injiniya, tunda rassa biyu ne da ita, ba sai in sa kibod ɗaya a shunayya ɗaya a kore ba? Ka ga na huta da sayen biyu.

Injiniya Ƙarami: A'a Yaya. Koren na linzami ne, galibinsu aisin yana jiran bayanan linzami ne ta wannan reshen, idan ka sa kibod ba zai kula shi ba. Launukan ma ba ado ba ne, ƙa'ida ce da aka tsayar a ƙarshen shekarun 1990 don mutane su daina rikita ramukan biyu. Kowane kibod a ba shi adaftarsa. Kuma kada wani ya ba ka shawarar a yanka wayoyi a haɗe kibod biyu a baki ɗaya. A PS/2 waya huɗu ce ke aiki: wuta volt 5, ƙasa, layin bayanai da layin agogo. Shi kibod ɗin ne yake buga agogon da kansa. Ka haɗa biyu a layi ɗaya, kowa na buga nasa, sai ka ga haruffan da ba ka danna ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alekum ƴan uwa. Na biyun nan mai allura biyar, mu ma muna da irinsu da yawa a tsoffin ofisoshi. Ka duba ƙarƙashinsa ko bayan ƙafarsa, wasu suna da ɗan makunni da aka rubuta X da A, ko XT da AT.

Abban Walid: Ikon Allah, akwai shi, a ɓoye cikin wani ɗan rami. Yana kan X.

Ɗan Damagaram: Mayar da shi A. Da ka bar shi a X da ka sha wahala a banza.

Injiniya Ƙarami: Madalla da wannan. Bari in ƙara bayani saboda masu karatu. Babban bakin nan mai allura biyar ya yi zamani biyu. Na farko shi ne na kwamfutar IBM ta 1981, ana ce masa XT. Na biyu ya zo da IBM AT a 1984. Baki ɗaya ne, amma maganar da ke bi ta ciki daban. Shi AT yarensa ɗaya da PS/2, girman baki ne kawai ya bambanta, don haka a nan adafta mara ƙwaƙwalwa ta wadatar: daga babban zagaye zuwa ƙarami, sannan ka ɗora mai ƙwaƙwalwa daga ƙarami zuwa USB. Adafta biyu a jere ke nan. XT zalla kuwa, wanda ba shi da makunni, wannan hanyar ba za ta yi masa ba.

Sarkin Gardama: Adafta a kan adafta. Saura ku ce a ɗora ta uku.

Baba Mai Ritaya: Da tsohuwar zuma ake magani, ɗana. Abu ɗaya zan ƙara: a zamaninmu an hana mu cire kibod ko soka shi kwamfuta tana kunne, domin ramin PS/2 ba a yi shi don haka ba, yana iya ƙona fis a kan babban bod na cikin kwamfuta. Ban san yadda abin yake da adafta ba.

Injiniya Ƙarami: Har yanzu shawarar tana da amfani Baba. Ya fara jona kibod a adafta, sannan ya soka adaftar a USB. Idan zai cire, ya fara zare ɓangaren USB.

Ɗan Linux: Ku yi haƙuri in ɓata muku shagali. Duk kun tsaya a kan baki da rami, alhali matsalar Abban Walid ta gaske ba a can take ba. A ce duka ukun sun kama, fitilu sun kunnu. Windows ba ta ɗauke su a matsayin kibod uku ba, duk abin da aka danna zuba shi take a kwarya ɗaya. Ka riƙe Shift a na IBM, ka danna harafi a ɗayan, babban baƙi zai fito. Ka kunna Caps Lock a ɗaya, ya kunnu wa kowa. Harshen rubutu ma haka: idan ka koma Larabci, duka kibod ɗin sun koma Larabci. Babu wurin da za ka ce wa Windows wannan na Hausa ne wancan na Larabci. Batun ƙanenka kuwa ya fi muni, domin alamar rubutu ɗaya ce a allo. Kana buga wasiƙa yana buga jarrabawa, haruffanku za su cakuɗe a layi ɗaya.

Abban Walid: Innalillahi. To ai shi ke nan an rusa shirin gaba ɗaya.

Maman Hanifa: Ni ban gane ba. Idan kibod ɗin an rubuta haruffan Larabci a kansa fa? Ba Larabcin zai fitar ba?

Ɗan Damagaram: A'a Hajiya, fenti ne kawai. Mu nan kibod ɗinmu irin na Faransa ne, layin sama yana farawa da AZERTY, naku yana farawa da QWERTY. Idan na kawo nawa Kano na soka a kwamfutarki, na danna inda aka rubuta A, Q ce za ta fito. Kibod ba ya aika harafi, lambar gurbin madannin yake aikawa. Kwamfuta ce ke duba tsarin da aka zaɓa ta ce wannan lamba harafi kaza ce. Na sha ganin ƴan kasuwa sun sayo kibod daga Najeriya sun dawo suna cewa an cuce su.

Maman Hanifa: Yau na ƙaru wallahi.

Ɗan Linux: Amma a Linux, wato wani tsarin da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, ana yi, kuma ba wuya. A kan Linux Mint misali, ka buɗe wurin rubuta umarni (terminal) ka rubuta xinput list, zai jero maka kowane kibod da lambarsa. Sai ka ce setxkbmap -device, ka sa lambar, sannan -layout ara. Wannan kibod ɗin kaɗai ya zama na Larabci. Ɗayan ka ba shi -layout ng -variant hausa. Ka miƙa hannu dama ka rubuta Larabci, ka dawo hagu ka ci gaba da boko, babu canza komai. Abin lura kawai, lambar tana iya canzawa idan ka zare ka mayar, kuma idan adaftocin iri ɗaya ne za su fito da suna ɗaya, sai ka gwada ka gane wanne ne wanne.

Sarkin Gardama: Na san za a zo nan. Duk tambayar da aka yi a zauren nan amsarka Linux ce. Ko ciwon kai mutum ya ce yana yi.

Abban Walid: Malam na gode, amma CorelDraw nake aiki da shi kullum, katin biki da kalanda su ne rabin cinikina. Ga firintar da da ƙyar na samu direbanta. Ba zan iya barin Windows ba.

Ɗan Linux: To a Windows ɗin ma akwai dabara, sai dai kwana-kwana ce. Tun zamanin Windows XP akwai hanyar da manhaja za ta iya tambayar wane kibod ne aka danna, da ita irin su LuaMacros suke aiki, wasu kuma suna haɗa AutoHotkey da direban Interception. Masu haɗa bidiyo suna amfani da su, su mayar da kibod na biyu na gajerun umarni zalla. Amma sai ka zauna ka rubuta wa kowane madanni abin da zai yi. Ga shagon da kwastoma ke tsaye a kanka, ban ba ka shawara ba.

Injiniya Ƙarami: Ni ina ganin mun tsananta abin. Yaya, Hausa da Turanci ba sa buƙatar kibod biyu tun farko. Windows tana da tsarin Hausa a cikinta, ka ƙara shi a saitin harshe. Haruffan suna nan inda ka saba, sai dai idan ka riƙe Alt na dama ka danna k, d, b ko y, masu lanƙwasa su fito. Model M ɗinka yana da Alt na dama, an gama. Abin da ba shi da shi shi ne madannin Windows, domin sai 1994 aka fara sa shi a kibod, don haka wajen canza harshe ka yi amfani da Alt na hagu da Shift. Saura Larabci. Shi kuma amfanin kibod na biyun shi ne ka manna masa sitikar haruffan Larabci don ido ya riƙa gani. Ka canza harshe, ka matsa kan wancan, ka gama ka dawo. Dannawa ɗaya ce ta ƙaru.

Ɗan Damagaram: Ku da ba ku cika rubuta ƴ ba ma uku kawai kuke buƙata.

Malam Na Tsangaya: Tunda an taɓo Larabci, a sani cewa tsarin Larabcin da ke cikin kwamfuta bai ɗauke ajaminmu duka ba. Babu harafin ɗa mai ɗigo uku da muke rubuta tsa da shi, babu ɗigon imala na ƙasa. Idan masu kawo maka aiki na ajami ne, ka duba manhajar Keyman, kyauta ce. Idan jarrabawar Fiƙihu da Nahawu ce kawai, wanda ke ciki ya isa.

Abban Walid: Larabci ne zalla Malam, Allah ya saka da alheri. To ƙanen nawa fa?

Ɗan Linux: Wannan sai kujera biyu a kwamfuta ɗaya, kowa da allonsa da kibod ɗinsa da linzaminsa. Microsoft ta taɓa yin MultiPoint Server a 2010 don makarantu, akwai kuma manhajar ASTER ta kuɗi. Amma sai ka sayi allo na biyu, kuma destof ɗin ya zama mai ƙarfi.

Sarkin Gardama: Wanda zai sayi allo na biyu ai gara ya cika ya ɗauko tsohon destof na Balgiyam. Kuma yawancinsu suna da ramin PS/2 a baya, ba adafta ba komai. Ka ga idan ɗaya ta lalace ɗaya na aiki.

Injiniya Ƙarami: Yau dai Sarki ya faɗi gaskiya.

Sarkin Gardama: Kullum ina faɗa, ba kwa ji ne.

Abban Walid: Jama'a ga rahoto. Na samo masu ƙulli guda biyu da kuma ta babban zagaye zuwa ƙarami. A shagon kowanne ya yi aiki lafiya. Na dawo na jona su a ɗan hob ɗina, abin ƙara ramukan USB, mai rami huɗu tare da filash da linzami, sai fitilun na IBM suka riƙa walƙiya suna ɗaukewa, wani lokaci harafi ya maƙale ya yi ta zuba kkkkkk har sai na zare.

Injiniya Ƙarami: Yunwa ce ke damunsa. Ramin USB 2.0 ɗaya miliamfiya 500 yake bayarwa, hob mara caja kuma daga wannan 500 ɗin zai ci ya raba wa ramukansa, a ƙa'ida 100 kowane rami. Tsofaffin kibod sun fi na yanzu jan wuta nesa ba kusa ba, ga aisin adaftar shi ma yana ci. Soka na IBM kai tsaye a ramin bayan destof, waɗanda ke manne da bod, ba na gaba ba. Ɗayan ma haka idan da wuri. Filash da linzami su zauna a hob. In ramukan sun ƙare, ka nemi hob mai cajarsa daban.

Abban Walid: Na mayar da su baya. Alhamdulillah, na buga shafi biyu babu maƙalewa. Baba, yanzu na gane abin da kake nufi, sai dai ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Mai shagon kusa har ya leƙo.

Baba Mai Ritaya: Ka ce masa aiki ake yi. Ka ciccire hulunan madannan ka jiƙa a ruwan omo, suna fita da hannu, amma ka ɗauki hotonsa tukuna don ka san gurbin kowa. Jikin kuma kada ka zuba masa ruwa, buroshi da tsumma sun isa. Lokacin hunturu ka riƙa rufe shi da kyalle idan ka tashi.

Maman Hanifa: To na Apple ɗin fa? An manta da shi.

Injiniya Ƙarami: Shi ne mai wuyar. Bakinsa ADB ne, Apple ta fara shi a 1986 ta soma barin shi lokacin da iMac ta fito da USB a 1998. Yana kama da PS/2 a ido, har wasu su yi ta tura shi da ƙarfi su karya allura. Adaftar PS/2 ba ta jin yarensa ko kaɗan. An taɓa yin wata mai suna iMate ta kamfanin Griffin, amma an daina tuntuni. Abin da masu sha'awa ke yi yanzu shi ne su ɗauki ɗan bod Pro Micro mai aisin ATmega32U4, na volt 5, su loda masa manhajar TMK, su yi solda na waya uku da resisto ɗaya. Irin wannan bod ɗin ne ake loda wa Soarer's Converter, wanda ke jin XT da AT da PS/2 duka, har ka koya masa cewa Scroll Lock da ba ka amfani da shi ya riƙa aika Alt da Shift. Abin dariyar, shi ADB tun asali an yi shi ne a riƙa jera na'urori a layi ɗaya, shi ya sa za ka ga rami biyu a jikin kibod ɗin, hagu da dama. Abin da Yaya yake nema tun farko ke nan, amma a gidan Apple.

Abban Walid: Rami biyu ne kuwa. A baya an rubuta Apple Extended Keyboard II. Amma ni da solda, kada garin neman gira a rasa ido.

Injiniya Ƙarami: Na 1990 ne wannan, madannansa na kamfanin Alps ne, masu laushi ba ƙara sosai. Kawo mini shi ranar Asabar, ina da Pro Micro ɗaya da ya rage. Ka haɗo da wayarsa, don ita ce mai wuyar samu, kodayake wayar S-Video ta tsohuwar na'urar bidiyo bakinsu ɗaya.

Maman Hanifa: Mara ƙara? Abban Walid, ka riga ka samu biyu. Injiniya idan ya tashi ka kira ni, ni zan biya kuɗin aikin.

Sarkin Gardama: Gyara fa aka ba shi a kan firinta, yanzu har an fara layi.

Abban Walid: Hajiya bari ya tashi tukuna. Injiniya, wayar tana nan amma allura ɗaya ta ɗan lanƙwashe, in miƙe ta da kaina ko in bari sai na zo?

Injiniya Ƙarami: Bar ta Yaya, kada ka taɓa.